Kilishi ne ya kayar da Auta, ko maganin da take shafawa?

Mai kula da zaure: Salamu alaikum jama'a. Wata ƴar'uwa ta turo mini wannan, ta ce a saka ba tare da sunanta ba. Za ta riƙa amsawa da sunan Yayar Auta. Wanda ya san zagi ne a bakinsa ya wuce abinsa.

Yayar Auta: Ina wuninku. Autarmu shekararta 9 a Beljik. A nan Yamai aka haife ta, sunan namiji aka raɗa mata, kuma har yau a gida "shi" ake cewa. Can ta zauna da likitoci, shekara 2 ke nan tana kan maganin ormon na mata. Ni "ita" nake cewa don haka ta roƙe ni, kuma ba wannan na kawo zaure ba.

Ta zo duba Babanmu da yake kwance. Daren Alhamis aka kawo mana kilishi, ta ci ƴan yanka uku. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba leɓɓanta suka kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, muryarta ta dishe kamar an shaƙe ta, ta yi amai, ta miƙe za ta banɗaki sai ta yanke jiki ta faɗi. Da taksin maƙwabci muka kai ta wata kilinik. Allah Ya sa da sauran kwana.

Tun tana ƙarama in ta ci ƙuli ko ta sha kunun gujiya bakinta kan yi ƙaiƙayi, wani sa'in borin jini ya fito mata a wuya, Inna ta shafa mata man shanu ya lafa. Bai taɓa wuce haka ba. Auta ta ce a shekarar nan abin ya fara tsananta, har madarar waken soya tana kama mata maƙogwaro. Yanzu Inna ta kwashe magungunan ta kulle a akwatinta, ta ce su ne suka lalata mata jini. Tambayata: da gaske ormon na iya sa haka? Ta bari ko ta ci gaba? Kwana 12 suka rage ta koma.

Majo Lazare: Ƴata, a jingine maganar ormon tukuna. Fata, maƙogwaro, ciki da faɗuwa a lokaci ɗaya, wannan ya wuce borin jini. Mu a aiki shok anafilaktik muke ce masa, kuma yana iya kashe mutum cikin rabin awa. Wace allura aka yi mata, kuma a ina?

Yayar Auta: Baba Majo, da farko a jijiya aka yi mata, aka sa ƙarin ruwa, ba ta dawo ba. Tansiyo ya faɗi ƙasa sosai. Sai wani ya shigo da gudu ya soka mata wata a cinya. Nan take ta fara numfashi sosai.

Majo Lazare: Ta cinyar nan ita ce adrenalin, kuma ita ya kamata a fara yi. Shekara 31 na yi a ɗakin gaggawa, abin da ya fi ba ni takaici shi ne hannu ya saba zuwa ga kortikoyid da maganin ƙaiƙayi. Waɗannan suna ɗaukar lokaci kafin su kama, ba sa buɗe maƙogwaro ba sa ɗaga tansiyo. Babba ana yi masa 0,5 mg a naman cinya ta gefen waje, wato rabin mililita daga ƴar kwalbar 1 mg. In minti 5 suka wuce babu sauƙi a sake. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a jingina shi. Miƙewar da ta yi zuwa banɗaki ita ta kayar da ita, don jinin ya riga ya zube cikin jijiyoyin da suka saki. Ko ya farfaɗo ba a sallamarsa da wuri, abin yana iya dawowa bayan awoyi.

Alhaji Katako: Ni fa ba zan yi shiru ba. Yaro namiji Allah Ya halitta, ya je ƙasar Turawa ya taɓa halittar Ubangiji, yanzu jiki ya ƙi. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Uwarku ta yi daidai. Ku ƙone magungunan, ya tuba, ku nema masa addu'a.

Maman Ƴan Biyu: Alhaji, da girmanka. Hasanata shekararta 6, in ta ci ƙwai haka take yi, sau biyu muna kwana asibiti. Wane ruwa ta ja?

Alhaji Katako: Hajiya, ɗiyarki jarrabawa ce, Allah Ya ba ta lafiya. Wannan kuwa da hannunsa ya sayo. Kada ki haɗa su.

Maman Ƴan Biyu: Ai yayar ta faɗa, tun ana goyo gujiya ba ta karɓe ta ba. Lokacin wane magani take sha?

Mai kula da zaure: Alhaji ya faɗi ra'ayinsa, an ji. Hukunci akwai malamai da zaurensu. Nan tambayar lafiya aka yi.

Ɗalibin Harobanda: Ina shekara ta shida a karatun likita, don haka ku ɗauki maganata a matsayin ta ɗalibi. Inna ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, amma ba ta kama daidai ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta a fata, hanji da hanyar numfashi, mastosit, cike suke da histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi. In mai alerji ya ci abin da jikinsa ya tsana, su ne ke fashewa su zubar. An gano cewa estrojen, ormon na mata, yana da wurin kamawa a jikinsu, kuma a ɗakin gwaji yana sa su saurin fashewa. Testosteron kuwa, ormon na maza, ya fi karkata ga lafar da su. Shi ya sa kafin balaga asma ta fi yawa ga yara maza, bayan balaga sai ta koma ta fi yawa ga mata. Akwai gwajin da aka yi kan ɓeraye a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, aka fitar a 2015: matan ɓerayen sun fi shan wuya a shok, saboda estrojen yana ƙara wani sinadari da ke sa jijiyoyin jini su yi yoyo. Da aka cire musu estrojen ɗin bambancin ya gushe.

Auta kuwa abu biyu aka yi mata a tare, an ɗaga estrojen an sauke testosteron. Don haka zargin yana da ƙafa. Amma ɓera ba mutum ba ne, kuma ormon ba ya ƙirƙiro alerjin gujiya. Iyakarsa ya hura wutar da dama tana nan. In an kulle magani a akwati, gujiyar tana nan a kasko.

Alhaji Katako: To kun ji. Likitan ma ya ce maganin ne.

Ɗalibin Harobanda: Baba, cewa na yi yana iya ƙarawa. Estrojen ɗin da nake magana shi ne wanda ke jikin kowace mace a gidanka da gidanmu.

Gwaggo Ader: Ɗiyata, ni daga Tawa nike. Mu abin da munka gada, in borin jini ya taso a ba mutum nono mai tsami ya sha, a shahwa mishi toka. Kun gwada?

Majo Lazare: Hajiya, toka a fata ba ta kashe kowa ba, amma mutumin da maƙogwaronsa ke rufewa kada a ɗura masa komai, ko ruwa. Shaƙewa zai yi. Na karɓi yaro da aka ɗura wa manja a hanya, wahalar manjan a huhu ta fi ta ciwon da ya kawo shi.

Gwaggo Ader: To Majo, na ji. Allah shi kyauta.

Mai Farmasi Wadata: Yayar Auta, abin da nake so shi ne sunayen magungunan ɗaya bayan ɗaya, da ƴar takardar da ke cikin kwali. Sau da yawa ba maganin ne matsala ba, man da aka narka shi a ciki ne. Ormon ba ya narkewa a ruwa, a mai ake sa shi. Ƙwayoyin projesteron (shi ma ormon na mata ne) masu taushi, wasu da man gujiya ake yinsu, kamar Prometrium na Amurka. Utrogestan da aka fi sani a Faransa da Beljik da can man gujiya ne a ciki, daga baya aka mayar da shi man furen rana, amma har yanzu akwai lesitin na waken soya. Na allura kuma akwai na man riɗi, akwai na man zurma, akwai na man angurya.

Yayar Auta: Bari in lallaɓa Inna ta buɗe akwatin, ko hoto in ɗauka.

Ɗan Talladje: Malama, tsaya. Sustanon, allurar testosteron ɗin da samari ke sokawa a wajen ɗaga ƙarfe fa? Abokaina biyu suna yi.

Mai Farmasi Wadata: Shi kam man gujiya ne a ciki, a rubuce yake a takardarsa. Mai alerjin gujiya ko soya ba ya taɓa shi. Kuma ka gaya wa abokan naka, testosteron ba tare da ordonas ba yana kashe ƙwayoyin haihuwa yana kaurara jini. Abin dariya, su ma ormon suke sha don jikinsu ya yi kama da yadda suke so, ba wanda ya kulle musu a akwati.

Ɗan Talladje: Kai Malama, kin ɗaure mu.

Ungozoma Tawa: Ni abin bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Shekara 20 ina awon ciki da tsarin iyali. Akwai matan da asmarsu ke tashi kwana biyu kafin al'ada, kowane wata, kamar an sa agogo. Masu ciki kuma, wata asmar ta lafa, wata ta tsananta, wata ta tsaya yadda take. Jikin mutum yana jin hawa da saukar ormon.

Sai dai akwai wani abu da nake so a bambance. Akwai kumburin leɓe, fuska da maƙogwaro da ba na histamin ba ne, na gado ne, ba ya zuwa da ƙaiƙayi ko ruɗu-ruɗu, kuma estrojen yana tayar da shi sosai, musamman na haɗiya. Na taɓa samun wata da ta fara kumbura bayan an sa ta kan ƙwayar tsarin iyali, da aka bincika uwarta da kakarta duk suna yi. Wannan irin ba ya jin maganin ƙaiƙayi, adrenalin ma ba ya yi masa abin kirki. Wasu magungunan tansiyo kamar kaftofiril da enalafiril su ma suna kawo irinsa. Na Auta ya zo da ƙaiƙayi, bayan cin abinci, kuma ya ji adrenalin, don haka ya fi kama da alerji na gaske. Amma a tambayi Inna ko a dangi akwai mai kumbura haka kawai.

Yayar Auta: Na samu. Inna ta buɗe amma tana tsaye a kaina. Akwai man shafawa na estradiyol, wato estrojen, a kwalba mai matsawa, akwai ƙwaya Androcur mai sauke testosteron, sai ƴan ƙwayoyi masu taushi na projesteron 100 mg. Auta ta ce na ƙarshen wata 7 ke nan da aka ƙara mata. Malama, a takardar an rubuta lesitin na soya, an ce mai alerjin gujiya ko soya kada ya sha. Ta ce ba ta taɓa gaya wa likitanta maganar gujiya ba, don ba ta ɗauke ta ciwo ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba don ban ɗauke shi komai ba. Ranar tun la'asar haƙori ke damunta, na ba ta diklofenak guda biyu. Kuma da ƙafa muka dawo daga wajen Baba, cikin zafin nan.

Mai Farmasi Wadata: Ayya. To ga shi kin kawo abin da ya fi ƙarfi a hannunmu. Diklofenak, ibufrofen, asfirin, duk suna sa hanji ya saki abinci ya shiga jini da sauri, abin da da zai tsaya a ƙaiƙayin baki sai ya zama shok. Motsa jiki da giya da rashin barci da zazzaɓi su ma haka. Kada ki zargi kanki, duk gidan Yamai akwai diklofenak a kan firigo. Amma daga yau farasetamol kawai har ta ga likitanta. Lesitin kuwa, furotin ɗin soya da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, yawancin masu alerji ba ya taɓa su, ba zan rantse shi ne ba. Tunda kamfanin da kansa ya rubuta gargaɗi, a kira likitan da ya rubuta shi yau, ba gobe ba.

Ɗalibin Harobanda: Maganar madarar soya ta tuno mini da wani abu. A Turai ta arewa akwai wata bishiya, bulo a Faransanci, mai farin ɓawo, da ke sakin ƙurar fure wajen watan Afrilu. Wanda ya daɗe can yana iya kamuwa da alerjinta, kuma furotin ɗinta yana kama da na tuffa, soya da wani ɓangare na gujiya. Yaya, tambaye ta ko tana atishawa da ƙaiƙayin ido a bazararsu.

Yayar Auta: Ta ce shekara 3 ke nan, duk Afrilu. Tuffa ɗanye ma yana yi mata ƙaiƙayi a baki.

Ɗalibin Harobanda: Shekara 3, ormon kuwa shekara 2. Kun ga wani ɓangaren ya riga maganin zuwa. Gwaji ne zai raba gardama: na fata, da na jini da ke auna IgE, sinadarin da ke nuna alerji, har a ware Ara h 2 wanda ke nuna alerjin gujiya mai haɗari daga Ara h 8 wanda ke bin bishiyar nan. Gwajin fata an fi so a yi shi bayan sati 4 zuwa 6 da faruwar shok. Sannan kilishi gujiya ce gasassa, kuma gashi yana ƙara mata ƙarfin tayar da alerji fiye da dafuwa a ruwa.

Majo Lazare: Ƴata, akwai tambayar da nake ta juyawa. A kilinik an tambaye ku magungunan da take sha?

Yayar Auta: An tambaya. Babban yayanmu ya yi sauri ya ce babu. Ni ma na yi shiru. Ɗakin cike yake da mutane, kuma akwai wata ma'aikaciya da ta san mijina.

Majo Lazare: Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ace a cikin magungunan akwai irin na zuciya da ke hana adrenalin aiki sosai, da shirun nan ya kai ta kabari. Androcur yana taɓa hanta. Estrojen yana ƙara haɗarin gudan jini, ga ta za ta zauna awoyi a jirgi. Mai allura a hannu dole ya san waɗannan.

Maman Ƴan Biyu: Baba Majo, gaskiyarka, amma kai ma ka san garin nan. Sirrin asibiti a takarda yake. Kafin su kai gida maganar ta kai Bukoki ta dawo. Ni ban ga laifin tsoronsu ba.

Majo Lazare: Ban ce tsoron banza ne ba. Na yi aiki da masu dogon baki, na kuma kori ɗaya. Amma ba tarihin rayuwa ake tambaya ba. A rubuta sunayen magunguna da awonsu a ƴar takarda, a ja likitan gefe a miƙa masa. Ba sai an buɗe baki a gaban jama'a ba. In ya tambayi dalili, a ce likitanta na waje ne ya rubuta. Ya isa.

Alhaji Katako: Ni dai ina nan kan bakana, abin nan bai halatta ba. Amma ƙarya ga likita a kan rai, wannan ma ban yarda da ita ba. Yayan nasu ya yi kuskure.

Yayar Auta: To ta bari ko ta ci gaba? Ita kuka take, kwana uku ba ta shafa ba, ta ce zufa na karyo mata da dare.

Ungozoma Tawa: Zufar nan irin ta matar da al'ada ta ɗauke wa ce, estrojen ne ya sauka da sauri. Ba za ta kashe ta ba, amma kuma ba ta kare ta daga gujiya ba. Haɗarin da nake gani shi ne gida ya saki jiki, a ce an cire magani an huta, gobe a zuba mata miyar gujiya. Wanda ya rubuta maganin shi zai rage ko ya canza. Ba Inna ba, ba mu ba.

Gwaggo Ader: Ɗiyata, bari in hwaɗa miki yadda za ki yi da uwakku, don ni ma uwa ce. Ba maganin taka tsoro ba, gawa tag gani a tsakar gida. Tana neman abin da za ta kama da hannunta ta ce ga shi, na tsare ɗana. To ku ba ta abin kamawa. Ku ce mata lokotoro ya ce gujiya ce abokiyar gaba, kuma ita kaɗai ka iya tsare tukunya. In kunka ba ta wanga aiki za ta saki akwati. Kada ku yi gardamar shi da ita da tsohuwa yanzu, wagga magana ba ta ƙarewa cikin kwana goma. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas.

Mai Farmasi Wadata: Sauran adrenalin na gida. Alƙalamin da ake sokawa kai tsaye, irin EpiPen ko Jext mai 0,3 mg, ni ban taɓa sayar da shi a shagonmu ba, sai ta koma a rubuta mata guda biyu. Kafin nan likita ya rubuta ƴan kwalabe da sirinji, a koya wa mutum biyu a gidan yadda ake ja. Zafi da haske suna lalata shi, ana so ya zauna ƙasa da digiri 25, mu kuwa muna haura 40. Kada a bar shi a mota ko a taga, kada kuma ya daskare. In ruwan ya canza launi ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa a zubar. In abin ya taso a yi allurar tukuna, sannan a kira lambar gaggawa ta 18 ko a kama hanya.

Majo Lazare: Ki same ni ta akwatin sirri, in zo gida in koya muku. Da lemo ake koyon allura.

Yayar Auta: Jama'a, na dawo bayan kwana biyu. Mun samu likitanta ta waya. Ta ce a ajiye projesteron ɗin har a yi gwaji, man shafawa da ɗayar ƙwayar a ci gaba, kuma ta sa mata rana da likitan alerji. Baba Majo ya zo jiya, ni da ƙanwar mijina mun huda lemo har shida. Na yi yadda Gwaggo ta ce. Inna ta mayar da maganin, ba ta ce komai ba, ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki ta juya. Da safe ta aiki yaro Katako ya sayo sabon turmi, muciya da ludayi, ta ɗaura musu jan zare, ta hana man gujiyar kwalba shiga kicin. Har yanzu "shi" take cewa. Ta tambayi dangi, babu mai kumbura haka kawai.

Mun cire kilishi, ƙuli, kopto, dambun da ake sa wa ƙuli, awara, da duk abin da aka soya a waje. Amma Auta ta ce shekara 4 rabonta da naman Yamai, ko balangu ne tana so kafin ta tafi. In an ce wa mai nama kada ya sa yaji, ya yi?

Ɗan Talladje: Yaya, kawuna mai tsire ne, na yi masa yaron shago shekara biyu. Yajin garin ƙuli ne rabinsa, wuƙa ɗaya ce, katako ɗaya, man da ake yayyafawa ma na gujiya ne, hannun da ya murza tsire shi zai yanka miki balangu. Ki sayo ɗanyen nama ki kawo gida, ni zan zo da sabuwar waya in gasa mata, gishiri da albasa kawai.

Yayar Auta: Asabar bayan magariba. Zan turo maka kwatance.